Daƙiƙa Huɗu a Jikin Butar Shayi

A Coventry, a ɗakin sama na gidan da za mu saki ƙarshen wata,
na tsinci kyamarar Baba cikin kwalin takalmi,
naɗe da tsohon ɗankwalin Inna.
Batirin ya kumbura kamar ƙullin fanke.
Faya-fayai goma sha ɗaya, ƙanana,
kowanne da rubutunsa mai jingina hagu:
Sunan Mu'azzam. Ƙanƙarar farko. Kicin. Kicin kuma.

Na zura ɗaya a kwamfuta.
Ta yi gurnani, ta yi shiru,
sannan ta ce ba ta jin wannan yaren.
Haka aka riƙa ce wa Baba a tagar asibiti
shekarar da muka sauka.

Nafi'u, ɗan Yaya Balaraba, ya zo ran Lahadi
da jaka cike da wayoyi, ruwa na bin gilashin taga.
Ya ce, Gwaggo, ba mutuwa suka yi ba,
riga za a sauya musu,
irin wadda kowace waya ke ganewa.
Ya danna. Siririn layi shuɗi ya kama rarrafe,
kashi uku, kashi bakwai,
ya toge a sha tara har na idar da la'asar.

Na'urar ta tambaya: a rage nauyi ko a bari?
Na ce ko ƙwayar gero kar a taɓa.
Ya ce, to, sai dare ke nan.

Dare ya yi, suka buɗe.

Ga Inna, ba furfura ko sili,
tana kare fuska da murfin tukunya:
Malam, don Allah kashe abin nan.
Ga ni, shekara tara, giɓi a baki,
rigar sanyi ta haɗiye ni har gwiwa,
ina lasar ƙanƙara a bakin titin Foleshill
don in ji ko da sukari.
A kusurwa, lambobi ruwan goro suna ƙifta ido.

Murya ta riga hoto da taku biyu,
dariya na fita kafin baki ya buɗe.
Nafi'u ya kai hannu zai gyara. Na ce bari.
Shi ma haka yake,
dariyarsa kan riga labarinsa isowa.

Awa shida da rabi muka kalla.
Kowa ya fito: maƙwabta, mai kawo wasiƙa,
har kyanwar Bature mai lamba ashirin da biyu.
Ban da shi.
Sai numfashinsa dab da kunne,
sai tarin nan da muka ɗauka na sanyi ne,
sai matso nan, haske ya fi,
sai gefen babban yatsa yana cin rabin sama.
Mai riƙe da fitila, wa ke ganin fuskarsa?

Faifai na sha ɗaya. Kicin kuma.
Kyamara ta bi kan teburi, ta wuce gwangwanin madara,
ta gifta butar shayi ta ƙarfe.
Na ce tsaya. Koma.
Ga shi a jikin buta, a lanƙwashe,
kai ƙato, kafaɗu tsukuku,
hula ta zame, ido ɗaya a rufe.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ya wuce zuwa kwandon albasa.

Nafi'u ya yanko wurin, ya tura wa uwarsa a Zariya.
Ta maido saƙon murya na minti guda,
ba kalma, sai ƙugin janareton maƙwabta
da hancin da ake ja.

Na tambaye shi, wannan rigar fa, za ta kai yaushe?
Ya ɗaga kafaɗa yana naɗe wayoyinsa:
Har ita ma a daina yayinta.
Sai wani ya sake zama, ya jira layin.

Na mayar da kyamarar cikin ɗankwali.
Butar kuwa, tun bara muka kai ta shagon gwanjo,
fam biyu suka liƙa mata.